Kokwambar Teku ko Abalon: Wanne Baƙo Zai Ɗanɗana a Babban Gidan Abincin Sinawa?

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana saro kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya san cewa akwai ranar da mai masana'anta zai ce yau kam ba a Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi zama, za a ci abinci ba. Ko dai ciniki ya faɗa an ba da kafin alƙalami, ko kuwa an gama zagayen baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, sai ya ɗauki baƙonsa zuwa wani babban gidan abinci, a shiga ɗaki na musamman, a zauna a zagayayyen teburi mai faifan gilashi da ke juyawa a tsakiya. A irin wannan wuri, mai masauki yana nuna girman baƙonsa ne da tsadar abin da ya sa aka kawo, kuma akasarin abubuwa masu tsadar nan halittu ne da Bahaushe bai taɓa gani a tukunya ba. Sau da yawa akan miƙa wa baƙo littafin abincin mai hotuna a ce ya zaɓi abu guda da kansa. Wanda ya ƙi komai ya bar mai masaukinsa cikin kunya, wanda kuma ya nuna hoto da ka yana iya cin abin da addininsa ya hana, don haka ya kamata mutum ya san zaɓinsa tun kafin ya zauna.

Akwai waɗanda ba su cancanci dogon tunani ba. Idan aka raɗa wa mutum cewa gidan yana da naman daji a ɓoye, maciji ne ko wani abu makamancinsa, to ya ba da haƙuri kawai. Tun ranar 24 ga Fabrairun 2020 majalisar dokokin ƙasar Sin ta haramta cin namun dajin da ke rayuwa a tudu, kuma lardin Guangdong, inda Guangzhou take, ya san dalili fiye da ko'ina, domin a can cutar SARS ta ɓulla a ƙarshen 2002, aka kuma alaƙanta yaɗuwarta da wata dabba dangin jibda da ake sayarwa a kasuwannin namun daji. Baƙon da ya shigo da bizar kasuwanci ba shi da dalilin jefa kansa cikin wannan. Naman jaki, wanda ya shahara a garuruwan Baoding da Hejian na lardin Hebei, haramcinsa ba ɓoyayye ba ne ga Musulmi tun ranar Khaibar, kuma mu da muka ga yadda cinikin fata ya rage jakuna a kasuwanninmu, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024, ba mu da wata sha'awa a nan. Soyayyar 'yar shila, wadda mutanen Guangdong ke alfahari da ita, tana da daɗi ƙwarai, amma tattabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma matsalarta ita ce ta duk wata dabbar tudu a gidan da ba na Musulmi ba: ba a san wanda ya yanka ta ba, ba a ma san ko yanka ta aka yi ba.

Kwaɗo yana tsaka-tsaki. Sinawa suna kiwon wani babban irinsa, doka ba ta hana shi ba tunda an lissafa shi cikin kayan ruwa, kuma malaman Malikiyya sun sanya kwaɗon ruwa cikin dabbobin ruwa da suka halatta, yayin da Shafi'iyya da Hambaliyya suka hana saboda hadisin da ya hana kashe shi. Mai amfani da manhajar fassara ya lura, domin a wasu littattafan abinci sunansa yakan fito a matsayin kazar gona, sai mutum ya zaci kaza ce. Ni dai ba na ba da shawarar a fara da shi, saboda yawanci a cikin mai da barkono da giyar girki ake dafa shi, ga saɓanin malamai a kansa, alhali akwai abin da babu wannan nauyin a kai.

Abin da ya rage, kuma shi ne mai masauki zai fi jin daɗin a zaɓa, shi ne manyan kayan teku guda biyu da Sinawa suka ɗauka abincin girma tun zamanin sarakunansu: kokwambar teku, wadda suke kira haishen, da abalon, wanda suke kira baoyu. A mazhabar Imam Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, duka biyun halal ne ba tare da yanka ba, bisa ayar Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya ce ruwan teku mai tsarki ne, mushensa kuma halal ne. Hanafiyya sun taƙaita halaccin ga kifi, kuma yana da kyau a san haka idan ana tare da abokin ciniki ɗan Pakistan ko ɗan Turkiyya a teburin. To amma halaccin halittar rabin magana ne. Sauran rabin yana cikin romon da aka dafa ta, kuma a nan ne biyun suka rabu.

Kokwambar teku dabba ce, duk da sunanta na kayan lambu. Dangin tauraron teku ce, tana kwance a ƙasan ruwa tana tace abinci daga yashi da laka, ba ta da ƙashi, kuma abin da ake ci shi ne bangon jikinta. Wadda ta fi daraja a ƙasar Sin ita ce mai ƙayoyi masu laushi a bayanta, ta ruwan sanyi na arewa, musamman ta wajen Dalian a lardin Liaoning da gaɓar Shandong. Ba kasafai ake dafa ta ɗanya ba. Busar da ita ake yi har ta ƙanƙance ta yi baƙi ta yi tauri, sannan idan za a yi amfani da ita a jiƙa, a tafasa, a tsaga ciki a wanke, a sake jiƙawa a ruwan sanyi ana canza ruwan, aikin da yakan ci kwanaki, kuma masu girki suna kiyaye kada ko ɗigon mai ya taɓa kwanon domin yana lalata ta. Bayan duk wannan wahala sai ta kumbura ta ninka girmanta, amma ta fito kusan babu ɗanɗano ko kaɗan.

Idan aka kawo ta, galibi guda ɗaya ce ga kowane mutum, a kwance a tsakiyar farin faranti, tsawonta bai fi tafin hannu ba, launin ƙasa mai duhu, ƙayoyinta a tsaye, miya mai kauri tana sheƙi a jikinta, ga gutsattsarin farin albasa mai lawashi da aka soya har suka yi ja a gefe. Idan aka taɓa ta da cokali sai ta yi rawa. A baki, abin da ya fi kusa da ita shi ne ganda da ta sha wuta sosai har ta kusa narkewa, sai dai ta fi santsi, kuma tana ɗan turje wa haƙori kafin ta rabu. Wanda yake son ganda ba zai sha wuya ba. Wanda kuwa abu mai santsi yake tayar masa da zuciya, to ya sani cewa babu inda zai ɓoye ta, domin farantinsa ne shi kaɗai kuma idon mai masauki yana kansa.

Rashin ɗanɗanonta shi ne tushen matsalar ga Musulmi. Tunda ba ta da nata, dole a ba ta na aro, kuma abin da ake ara mata shi ne babban romon da kowane gidan abinci mai daraja yake dafawa tun da safe a ƙatuwar tukunya. Wannan romo, a girkin Guangdong, ana haɗa shi ne da tsohuwar kaza da naman alade da busasshiyar cinyar alade ta Jinhua, a bar shi a kan wuta na sa'o'i, a tace shi har ya fito garau babu ko tsoka guda a ciki. Shahararren girkin Shandong na kokwamba da albasa, wanda gidan Fengzeyuan na Beijing ya yi suna da shi, a al'adance da kitsen alade ake soya albasar, a zuba giyar Shaoxing, sannan a ɗora romon. Akwai wani salon da ya yaɗu na dafa ta cikin kunun wani irin ƙaramin gero mai launin ɗorawa, wanda a ido zai kwantar wa Bahaushe da hankali, amma shi ma da romon kaza ake dama shi, kuma kazar ba yankan Musulmi ba ce. Idan aka roƙi mai girki ya cire duk waɗannan, zai iya, amma abin da zai kawo ba zai yi armashi ba, kuma kuɗin mai masauki ya tafi a banza.

Abalon kuwa dangin dodon koɗi ne, sai dai na teku. Ɓawonsa guda ɗaya ne mai siffar kunne, da jerin ƙananan huduji a gefe, cikinsa yana walƙiya da launuka, kuma abin da ake ci shi ne ƙaƙƙarfar tsokar da yake manne wa duwatsu da ita yana kiwon ciyawar ruwa. Bambancinsa na farko da kokwamba shi ne cewa yana da ɗanɗanon kansa, mai ɗan zaƙi-zaƙi da gishirin teku, kuma naman yana da jiki, ana tauna shi kamar nama. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne cewa iri biyu ake sayarwa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa a farashi da kuma a hukunci.

Busasshen abalon shi ne sarkin teburin. Mafi tsadarsa daga arewacin Japan yake zuwa, kamar na Yoshihama a yankin Iwate, akwai kuma na Afirka ta Kudu da na Ostareliya. Ana auna girmansa da abin da suke kira kai, wato guda nawa ne suke cika ma'aunin da ya kai kusan giram 600. Idan aka rubuta kai 20 ƙanana ne, idan aka rubuta kai 6 manya ne, kuma duk lokacin da lambar ta ragu kuɗin yana hauhawa ba kaɗan ba. Ana jiƙa shi na kwanaki, sannan a jera shi a tukunyar ƙasa, a shimfiɗa haƙarƙarin alade da tsohuwar kaza da cinyar Jinhua a sama da ƙasa, a dafa a ƙaramar wuta yini guda ko fiye, har tsakiyarsa ta yi laushi mai ɗanƙo wanda masana abin suke nema. Marigayi Yeung Koon-yat na gidan Forum a Hong Kong da wannan girki ya yi suna har ake kiransa sarkin abalon. Da wuƙa da cokali mai yatsu ake kawo shi, a yanka siriri-siriri. Wannan ba ya gyaruwa ga Musulmi ta kowace hanya, domin an gama dafa shi tun kafin baƙo ya san za a gayyace shi, kuma naman ya riga ya shanye romon har cikinsa. Haka hukuncin yake ga miyar Fotiaoqiang ta Fuzhou, wadda take haɗa abalon da kokwamba da sauran kayan tsada a tukunya ɗaya tare da alade da giya. Tana daga cikin abubuwan da mai masauki mai son burgewa yake fara nunawa, kuma ita ce ya kamata a fara ƙi. Akwai wani abin da yake damuna game da busasshen, wato satar abalon da ake yi a gaɓar Afirka ta Kudu ana busarwa ana fasa-ƙwaurinsa zuwa Hong Kong, abin da ya yi wa halittar mummunar illa a can, kuma mai ci ba shi da hanyar sanin ko nasa ta wace ƙofa ya fito.

Ɗanyen abalon labarinsa daban ne. Kiwonsa ake yi da yawa a gaɓar ƙasar Sin, musamman a lardin Fujian, shi ya sa farashinsa ya sauko har talaka ma yana iya saye a kasuwa. A manyan gidajen abincin Guangzhou yana nan da rai a cikin akwatunan gilashi na ruwa kusa da ƙofa, manne da bangon gilashin, kuma baƙo yana da damar tashi ya je ya nuna waɗanda yake so. Girkin da ya fi dacewa da shi shi ne mafi sauƙi: a ɓamɓare naman a wanke, a yi masa tsaga-tsaga a sama, a mayar da shi cikin ɓawonsa a kan 'yar siririyar taliya mai haske, a ɗora dakakkiyar tafarnuwa, a turara na 'yan mintoci, sannan a watsa lawashi a kwarara tafasasshen mai da ruwan waken soya. Yana zuwa teburi yana tururi, tsage-tsagen sun buɗe, tafarnuwa ta shige ciki, taliyar ta tsotse ruwan da ya fito daga naman. Duk abin da ke cikin farantin ido yana ganinsa, kuma ana yin sa ne bayan an ba da oda, saboda haka duk sharaɗin da aka gindaya yana iya cika.

A kan wannan nake ganin ɗanyen abalon da aka turara ya fi kokwambar teku dacewa da wanda zai ɗanɗana karo na farko a gidan da ba na Musulmi ba. Ya fi sauƙin karɓuwa a baki, ba ya dogara da romon da aka riga aka dafa, kuma sunansa kaɗai ya isa ya fitar da mai masauki kunya, domin a wurin Sinawa an kawo wa baƙo abalon, ko da ba busasshe ba ne. Inda kokwamba ta fi shi shi ne wajen sauƙi a ciki, tunda kusan babu kitse a jikinta, kuma ba ta yin tauri, alhali abalon idan ya wuce lokacinsa a wuta ko ya huce a faranti yakan koma abin da haƙori zai yi ta fama da shi, don haka a ci shi da zafinsa. Maganganun da za a yi ta yi a teburin cewa kokwamba tana ƙara ƙarfi tana tsawaita rai, al'adar maganin gargajiyarsu ce, kada ta zama dalilin zaɓi. Wanda kuma jikinsa ya taɓa yin borin jini ko kumburi bayan cin jatan lande ko ƙaguwa, to ya nisanci abalon gaba ɗaya, domin irin wannan rashin jituwa yana iya toshe numfashi, kuma ba a wasa da shi a ƙasar da mutum bai iya harshenta ba.

Sharuɗɗan da za a faɗa suna buƙatar a yi su dalla-dalla. Idan mutum ya ce ba ya cin alade kawai, ma'aikacin zai fahimci cewa kada a sa tsokar alade a faranti, kuma da zuciya ɗaya zai kawo abin da aka dafa da romonsa, domin shi a wurinsa romo ba nama ba ne. Abin da ya kamata a ambata da suna shi ne zhuyou, wato kitsen alade, da huotui, busasshiyar cinyarsa, da gaotang, babban romon nan, da liaojiu, giyar girki. A ƙara da yajin XO, wanda aka ƙirƙira a Hong Kong kuma ake yawan soya kayan teku da shi, domin akwai cinyar alade a cikinsa duk da cewa a ido yaji ne kawai. Ya fi kyau a sa tafinta ko wani ɗalibi ɗan gida da ke karatu a can ya rubuta waɗannan da rubutun Sinanci a ajiye a waya, a tura wa mai masauki tun da rana kafin a haɗu, saboda ya samu damar yin magana da gidan abincin ba tare da an tsayar da ma'aikaci ana ja-in-ja a gaban sauran baƙi ba. Sinawa suna girmama wanda ya faɗi ƙa'idarsa da wuri, kuma ɗaga kofin shayi a madadin giya lokacin gaisuwar teburi abu ne da suka saba da shi. Ga Bahaushe Kirista da alade ko giyar girki ba su dame shi ba, lissafin yana canzawa, kuma zan ce masa ya ɗanɗani busasshen abalon idan an kawo, domin a nan ne gwanintar girkin take.

Idan kuwa mutum shi ne zai biya, kamar a ce shi ya gayyaci mai masana'anta don rama alheri, to ya kula da farashi. Kayan teku masu rai ba a cika rubuta kuɗinsu a littafin ba, sai a rubuta cewa farashin ranar ne. Ya tambaya ko kuɗin na guda ɗaya ne, ko na jin ne, wanda yake giram 500, ko na liang ne, wanda yake giram 50, domin wanda ya ji farashin liang ya zaci na jin ne zai biya ninki 10 na abin da ya ƙiyasta. Ba abin kunya ba ne a tsaya a ga awon, su ma 'yan ƙasar haka suke yi. Kokwamba da busasshen abalon kuwa kowane mutum da farantinsa ake lissafawa, saboda haka a ninka kuɗin da yawan mutanen da ke teburin kafin a amsa.

Wanda ransa ya biya wa kokwambar teku ba sai ya haƙura da ita har abada ba, wurin cin ne zai canza. Musulmin ƙasar Sin, musamman 'yan ƙabilar Hui, suna da nasu tsohon girkin na manyan liyafa, kuma gidajensu suna ɗauke da alamar qingzhen, wadda take matsayin halal. A Beijing akwai Hongbinlou, wanda aka kafa a Tianjin a 1853 aka dawo da shi babban birnin a 1955, inda romon na kaza ne da na shanu yankan Musulmi. A Guangzhou ma akwai tsohon gidan Huimin Fandian, ba nisa da masallacin Huaisheng, wanda yake yin girkin Guangdong ba tare da alade ba. A irin waɗannan wurare matsalar romo ta kau, sai dai a tambaya game da giyar girki don samun natsuwa, kuma a buga waya tun da wuri a ji ko suna da kokwambar a ranar, tunda jiƙa ta yana ɗaukar kwanaki kuma ba kowane gida ne yake ajiye ta a shirye ba. Mai masaukin da aka ce masa ana so a je irin wannan gida ba ya jin an raina shi, matuƙar an bar masa zaɓin ɗaki da sauran abincin.